Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Salon Shugabanci da Sarrafa Kayan Aiki a Makarantun Sakandare

Gabatarwa

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar ƙarshe ta sakandare ya fito ba daɗi, kukan da aka saba ji daga bakin malamai da iyaye shi ne na rashin kayan aiki. Ba a musun wannan kuka, gama akwai makarantun da ɗalibai ke zama a ƙasa, akwai kuma waɗanda iska ta yaye rufin azuzuwansu aka shekara ba a mayar ba. Amma akwai wani al'amari da ba a cika kula da shi ba. Sau da yawa akan sami makarantu biyu a gunduma ɗaya, ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi ɗaya, an ba su kaso iri ɗaya, sa'an nan a ga ɗaya tana cin moriyar abin da ta samu, ɗayar kuwa nata yana lalacewa a sito. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba rabon da salon shugabancin firinsifal yake da shi cikin wannan bambanci. Abin da za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mai son gane salon shugaban makaranta sai ya bar sauraron jawabinsa na taron safe, ya tambayi wanda ke riƙe da makullin sito da na laburare da na ɗakin gwajin kimiyya, da kuma ƙarfe nawa ake buɗe su.

Yadda masana suka kasa salon shugabanci

Rabon da ya fi shahara cikin littattafan tafiyar da makarantu ya samo asali ne daga wani gwaji da Kurt Lewin da abokan aikinsa biyu, Ronald Lippitt da Ralph White, suka yi a Jami'ar Ayowa ta Amurka, aka buga sakamakonsa a 1939. Sun tara yara maza 'yan kimanin shekara goma, suka kasa su ƙungiya-ƙungiya, aka ba su 'yan ayyukan hannu su riƙa yi bayan an tashi daga makaranta. Kowace ƙungiya aka sa mata babban mutum ya shugabance ta bisa salon da aka tsara masa. Na farko mai kama-karya ne, shi ke yanke komai, shi ke faɗin wanda zai yi aiki da wane. Na biyu mai shawara ne, yakan baje aiki a gaban yara a tattauna, shi ma ya sa baki. Na uku ɗan ba-ruwana ne, ya ajiye kayan aiki ya koma gefe, ba ya magana sai an tambaye shi.

Ƙungiyar ɗan ba-ruwana ita ce ta fi kowace ƙarancin aiki da rashin ingancinsa, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Abin lura yana tsakanin sauran biyun. Yaran mai kama-karya sun yi aiki mai yawa muddin yana tsaye a kansu, amma da zarar an sa shi ya fita daga ɗakin sai aiki ya yi sanyi. Yaran mai shawara kuwa, ko yana nan ko ba ya nan, aikinsu bai canza ƙwarai ba.

Lalle bai kamata a ɗora wa wannan gwaji kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Yara biyar masu wasa a wani gari na Amurka daban suke da malamai hamsin masu iyali da bashi. Haka kuma babu firinsifal ɗin da yake salo ɗaya tsantsa tun daga safe har dare, kuma ranar da gobara ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai ba ranar kiran kwamiti ba ce. Duk da haka, zancen fita daga ɗaki ya dace da halin makarantun Nijeriya fiye da yadda masu gwajin za su taɓa zato. Firinsifal mutum ne mai yawan fita: yau taro a Ma'aikata, gobe bin sawun kuɗin abinci, jibi karɓo takardun jarrabawa. Ashe ke nan gwajin Lewin ana maimaita shi a kowace makaranta kusan kowane mako, ba tare da kowa ya shirya shi ba. Idan makullai suna cikin aljihun shugaba, to, ranar da ya tafi birni alli ma sai an jira dawowarsa.

Darasin akwatunan da ba a buɗe ba

Babu misalin da ya fi fito da wannan magana fili kamar abin da ya faru da kayan koyar da fasaha a shekarun 1980. Tun a taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 aka yi ta kukan cewa ilmin da aka gada daga Turawa na samar da akawuna ne kawai. Daga nan aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka sake duba ta a 1981, ita ce kuwa ta zo da tsarin 6-3-3-4, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. An nufi ƙaramar sakandare ta fara a 1982 domin ta karɓi yaran da aka ɗauka a shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda aka yi tsammanin yara miliyan 2.3 amma wajen miliyan 3 suka zo. Ƙashin bayan sabon tsarin shi ne darasin gabatar da fasaha, inda yaro zai taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen injiniya, domin wanda bai ci gaba da karatu ba ya fita da abin yi a hannu.

Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna da kayan aiki masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekosulobakiya ta wancan zamani, aka rarraba wa makarantu. Sanannen abu ne cewa da yawa daga cikin waɗannan kaya sun shekara da shekaru cikin akwatunansu, wasu a sito, wasu a baranda rana da ruwa suna dukansu, har suka yi tsatsa ko aka sace. Mafi yawan laifin ba na shugabannin makarantu ba ne. An aiko da injuna inda ba a gina ɗakin da za a kafa su ba, an aiko da masu aiki da lantarki ƙauyukan da ba a kai wa wuta ba, malaman da za su koyar da darasin kuma ba su wadata ba. Ga shi kuwa lokacin ya zo daidai da faɗuwar kuɗin man fetur, har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sayen kayan gyara daga waje ya gagara.

Amma fa ba duk abin da ke cikin akwatunan ne yake bukatar lantarki ba. Zarto da guduma da filaya da sukudireba ba su jiran wuta, inuwar bishiya da teburi mai ƙarfi sun ishe su. Kuma babu garin da za a kafa sakandare a cikinsa a rasa kafinta ko maƙeri. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa: makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda masu sana'a na gida suke cikin masu koyar da irin su ƙira da dukanci. Tambayar da ta rage ita ce, me ya hana shugaban da ke da akwatunan a gabansa ya ɓalle su ya fitar da abin da za a iya amfani da shi?

Amsar tana cikin dokar kayan gwamnati. Duk abin da ya shiga sito ana rubuta shi a littafi, mai binciken kuɗi kuma idan ya zo abin da yake nema shi ne lissafin littafi ya yi daidai da abin da ke kan kanta. Abin da ya ɓace ana iya cire kuɗinsa daga albashin wanda aka damƙa wa. Abin da ya lalace ba a share shi daga littafi sai kwamitin duba kaya ya zauna ya tabbatar. Ranar da aka yi wa firinsifal canjin wurin aiki kuwa, sai ya ƙirga wa magajinsa komai sun sa hannu. Cikin wannan tsari duka babu layin da ake tambayar sau nawa aka yi amfani da abu. Wanda ya fitar da zarto ashirin yara suka karya uku, yana da bayanin da zai yi. Wanda ya bar akwati da ƙusoshinsa har tsatsa ta cinye abin da ke ciki, littafinsa tsaf yake. Saboda haka tsoro ne yake haifar da wani kashi babba na kama-karyar da ake gani, ba son mulki kaɗai ba. Mutum ya tattara makullai a aljihunsa ne domin ya san wuyansa za a kama.

Amanar ajiya da amanar waƙafi

A nan akwai wata kalma da take bukatar a tsaya a kanta. A cikin nazarin da A.H.M. Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wanda aka buga a 1974, amana tana cikin halaye goma da ya lissafa, tare da irin su gaskiya da haƙuri da adalci. Shugaban da ya kulle laburare don kada littafi ya ɓace yakan ce amana yake tsarewa, jama'a kuma sukan yaba masa da cewa ba ya wasa da kayan gwamnati. Sai dai amana iri-iri ce, malaman fiƙihu kuwa sun bambanta su tun da daɗewa. Akwai ta ajiya, wadda haƙƙin mai riƙe da ita shi ne ya tsare abu ya mayar da shi yadda aka ba shi, in ma ya yi amfani da shi ya lalace to ya biya. Akwai kuma ta mai kula da waƙafi, wanda aikinsa shi ne ya ga amfanin abin yana isa ga waɗanda aka yi dominsu. Wanda aka ba kulawar rijiyar waƙafi ya rufe bakinta don kada guga ya faɗa ciki, ba za a ce ya riƙe amana ba ko da rijiyar ta shekara ɗari ba ta rushe ba.

Kayan makaranta da na biyun suka yi kama. Littafin da ya yage saboda hannu arba'in sun juya shi ya biya kuɗinsa. Wanda ya fita daga manhaja yana sabo fil a cikin kabad, asararsa ta fi ta wanda aka sace, domin shi ɓarawon wataƙila ya karanta.

Ɗakin gwajin kimiyya ya fi ko'ina shan wannan wahala. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, tana da takardar gwaji da hannu a darussan kimiyya, kuma takan aiko wa makarantu bayanin kayan da za su tanada kafin ranar. A makarantar da shugaba ke tsoron fashewar kwalabe, wannan saƙo shi ne yake buɗe ɗakin. Sai a share ƙura, a wanke kwalabe, a koya wa yaro cikin mako biyu abin da aka tsara ya yi shekara uku yana saba hannu da shi. Sinadaran kuwa wasunsu sun riga sun lalace a ajiye, gama ba duk abu ne yake jiran mai shi ba. Shugaba mai shawara ba ya fi wancan ƙarfin zuciya ba ne. Abin da ya yi shi ne ya raba nauyin. Makulli yana hannun shugaban sashen kimiyya, akwai littafin da ake rubuta abin da ya fashe da ranar da sunan ajin, malami ya sa hannu. Idan mai bincike ya zo, ga hujja a rubuce. Da wannan ɗan littafi na kuɗi kaɗan ake sayen 'yancin buɗe ɗaki kullum.

Dukiyar da ba ta shiga littafin sito

Ɗan ba-ruwana ba ya kulle komai, nasa ɓarnar ta wata hanya take bi. A wurinsa kujeru sukan bi ɗalibai zuwa gari, injin ba da wuta ya tafi gidan biki aro, gonar makaranta ta zama ta wanda ya riga kai garma. Amma babbar asararsa ita ce lokaci, wanda shi ne mafi tsadar abin da makaranta ta mallaka, tun da albashin malamai shi ke cin mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kanta, abin da ake saye da albashin kuwa sa'o'in koyarwa ne.

A ɗauki misali don lissafi kawai. A ce shekarar karatu zango uku ce, kowane zango mako 13, jimla mako 39. Idan makon farko na kowane zango ya tafi wajen jiran ɗalibai su dawo da shara da gyaran jadawali, mako biyu suka tafi wajen jarrabawa, na ƙarshe kuma ya tafi wajen duba takardu yara suna yawo, an rasa mako 4 a zango, watau 12 a shekara. Saura 27. Idan kuma darasin farko na minti 40 yana rasa minti 15 kullum saboda taron safe ya yi tsawo, wannan wata ɓaraka ce da ba mai bincike ɗaya da zai gani. Abin ban dariya a nan shi ne, mai kama-karya da ɗan ba-ruwana sukan haɗu a wannan asara: ɗaya yana cinye lokacin da dogon jawabi da bulala a filin taro, ɗayan kuma bai ma iso makarantar ba tukuna.

Rabon aiki ga malamai ma haka yake. Inda shugaba shi kaɗai yake tsara jadawali da 'yan fadarsa, akan ga malamin lissafi guda ɗaya tilo an ɗora masa kula da abinci domin na hannun dama ne, mai takardar tarihi kuma an tura shi koyar da Turanci don a huce haushi. Masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun da aka kafa shirinsu a 1973 makarantun karkara suke dogara da su, akan jibga musu azuzuwan ƙarshe ba tare da wani tsohon malami ya zauna da su ko sau ɗaya ba, shekara ta ƙare su tafi da abin da suka koya. Inda kuwa shugabannin sassa ne suke zama su raba darussa a gaban kowa, son kai ba ya ƙarewa, amma yana jin kunya.

Kicin na makarantar kwana shi ne wurin da aka fi saurin ganin bambanci, domin ciki ba ya ɓoye magana. Idan ɗan kwangila ya kawo buhunan hatsi da dare, shugaba da ma'aji kaɗai suka karɓa, to ko ba a ci komai ba zargi ya riga ya shiga, kuma tarzomar ɗalibai da yawa daga bakin tukunya take farawa. Idan kuwa da rana aka kawo, aka ɗora a sikeli a gaban malami mai kula da abinci da wakilin ɗalibai da shugaban masu dafa abinci, kowa ya sa hannu, shugaban ya tsare kansa kafin ya tsare hatsin.

Abin da ke sama da firinsifal

Ba adalci ba ne a tsaya a kan shugaban makaranta kamar shi ne ƙarshen sarauta. Shi ma yana da nasa shugabanni, kuma salon da aka yi masa shi yakan juye wa na ƙasa da shi. Wanda ba shi da ikon sayen ƙwan fitila sai ya rubuta takarda ta bi ofis biyar, da wuya ya koyi sakin makulli.

Jihar Kano ta gwada wata hanya a 1977, sa'ad da ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura a 1981, garin da ya koma cikin Jihar Jigawa a 1991. Dalilin kafa su shi ne ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne an ɗora su ƙarƙashin hukuma tasu ta musamman maimakon a bar su cikin jerin sauran makarantun Ma'aikata, ta yadda hanyar da buƙata take bi daga ɗakin gwaji zuwa wurin mai sa hannu ta gajarta. Waɗannan makarantu sun yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. Dole ne a faɗi cewa ɗalibansu zaɓaɓɓu ne ta hanyar jarrabawa, kuma an fifita su wajen kuɗi da malamai, don haka ba za a jingina nasarar ga tsarin shugabanci kaɗai ba. Amma kuɗi da kaya an zuba su a shirin fasaha na 1982 ma, suka kwana a akwati. Bambancin da ke tsakani shi ne a nan an yi tunanin wanda zai yi amfani da kayan, da ɗakin da zai yi, da wanda zai tambaye shi, kafin a sayo su.

Tun bayan shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004 wadda ta haɗa ƙaramar sakandare cikin ilmin tushe na shekara tara, an shigo da kwamitocin tafiyar da makaranta masu wakilan iyaye da masu unguwa da mata da tsofaffin ɗalibai da su ɗaliban kansu. A takarda wannan shugabancin shawara ne aka mayar doka. A aikace kuwa ya danganta ga abin da firinsifal ya ajiye a gaban kwamitin. Mai kama-karya yakan kira su ne bayan an gama kashe kuɗi domin su sa hannu, ɗan ba-ruwana kuma yakan bar shugaban kwamiti ya zama firinsifal na biyu. Kwamitin da ake buɗe wa littafin sito a farkon zango, a zagaya da shi laburare da ɗakin gwaji ya ga abin da ke ciki da idonsa, shi ne yake iya tambayar dalilin da ya sa katan goma na littattafan da aka kawo bara har yanzu igiyarsu ba ta kwance ba, kuma sau da yawa cikin 'yan kwamitin nan akwai kafintan da zai gyara kujeru sittin ɗin da aka jibge a bayan ofis ana jiran kwamitin duba kaya ya zo daga birni.